Ba Zafin Rana Ne Ke Ba Sola Wuta Ba

Idan bazara ta kankama a Sakkwato ko Maiduguri, rana ta take tsaka, sai ka ji ana cewa, "Yau kam masu sola sun more." Da yawa sun ɗauka zafi farantin sola ke sha ya mayar da shi lantarki. Alhali kuwa haske yake ci. Hasken ne ke faɗa wa ƙwayoyin silikon (sinadarin da ke mayar da haske lantarki) da ke cikin farantin, wuta ta taso ta gangara zuwa batir.

Zafi ma rage masa ƙarfi yake yi. Wat ɗin da aka rubuta a bayan faranti, 300 ne ko 550, an auna shi ne farantin yana digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, ƙarfin na raguwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Wanda ke kan kwano a watan Afrilu kuwa yana iya kai digiri 65. Taɓa shi da azahar ka ji. Asarar kusan kashi 16 ke nan. Shi ya sa mai haɗa sola da ya san hannunsa ba ya manna faranti da kwano, yakan bar tazara iska ta riƙa ratsawa. Jamus ma, da duk sanyinta, tana cikin manyan masu samar da wutar sola a duniya.

To me ke hana batir cika da hunturu? Ƙura ce: hazo a sama, ga kuma wadda ta kwanta a gilashin har kana iya rubuta sunanka da yatsa. A wanke da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi.