Alli da Rana, Biro da Asuba: Tambayoyi Kan Rayuwar Malami Marubuci a Kano

Kusan duk zaman karatun marubuta da na je, ana tashi sai matasa su tare ni a bakin ƙofa. Sun san ina koyar da Hausa a wata sakandare a cikin birni, ina kuma taɓa rubutu, don haka tambayoyinsu ba sa wuce yadda ake haɗa aji da taro da neman mai buga littafi. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da abin da nake ce musu.

Me ya sa marubuta da yawa malaman makaranta ne?

Saboda littafi bai cika ɗora tukunya ba, albashi ne yake ɗorawa. Abin kuma ba yau ya fara ba. Gasar ƙagaggun labarai da Baturen ilimi Rupert East ya shirya a 1933, wadda daga ita ake lissafin farkon ƙagaggun littattafan Hausa na boko, malamai ne suka cika ta. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a Bauci, Malam Bello Kagara shi ma malami ne a Katsina. Aji yana ba marubuci abin da zaman ɗaki ba zai ba shi ba: kullum kunnenka yana cikin bakin yara, kana jin sabuwar Hausar da ake yayi a Fagge da Kurna tun kafin ta shiga fim.

To yaushe ake samun lokacin rubutun?

Ba a samu, ƙwata ake yi. Cikin ayyukan nan uku, aji da taro da rubutu, rubutu ne kaɗai ba shi da mai bin bashi. Ka makara a aji, shugaban makaranta zai neme ka. Ka ƙi zuwa taro, mai gayyata zai yi ta kiran wayarka har ka ji kunya. Amma babi na bakwai da ka bari tun azumin bara ba zai taɓa ɗaga murya ba, yana nan kwance a jaka, kuma shi ya sa kullum shi ake zalunta.

Ni dai bayan sallar asuba nake zama, kafin yara su tashi a shiga neman takalmi da kuɗin tara. Minti arba'in ne, wani lokaci shafi ɗaya, wani lokaci layi biyar. Dare na sha gwada shi, bai karɓe ni ba: ka dawo maƙogwaro a bushe, ga takardun gwaji na aji uku a leda suna jiran maki, ga wuta an ɗauke. Ranar da na dage, da safe na tarar na rubuta sunan wani ɗalibina a madadin sunan tauraron labarin har sau biyu.

Shekarar karatu zango uku ce, kuma marubuci malami da ita yake tsara aikinsa. Makonnin jarrabawa da haɗa sakamako ka cire su daga lissafi gaba ɗaya. Cikin zango a yi ta tara guntaye, dogon hutu kuma a zauna a ɗinke su. 'Yan'uwanmu mata da suke haɗa aji da girki da raino, su kam a waya suke rubutawa, a adaidaita sahu ko a gindin murhu, kuma sau da yawa suna riga mu kammalawa.

Gayyatar rediyo da taruka fa, a riƙa amsa kowacce?

A'a. Da farko daɗi take yi, don an kira ka "fitaccen marubuci" a lasifika. Amma ka lissafa: hirar minti talatin a gidan rediyo a Sharaɗa, in ka haɗa da cunkoson hanya da jiran mai gabatarwa, ta cinye maka yamma guda, kuma galibi ko kuɗin mota babu. Rediyo na da amfani sosai a Kano, domin mutane da yawa da kunne suke karatu, amma amfaninta yana fitowa ne in littafin yana kasuwa. Ka yi tallan abin da babu shi a kanti, ka yi wa iska aiki.

Wanda ba na son fashinsa shi ne zaman karatu irin na reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981. A can ba yabo ake zuwa nema ba. Ka karanta shafi biyu, wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Malam, wannan jimlar Turanci ce ka sa mata hula." Ciwo gare ta, amma gyara ce kyauta. Sharaɗina ɗaya ne: ba na barin aji don taro. In ranar aiki ce, sai dai bayan an tashi.

Ƙaddamar da littafi tana mayar da kuɗi?

In kana da manya, wataƙila. Na taɓa yi sau ɗaya. Babban mai ƙaddamarwa ya aiko wakili, wakilin ya ambaci kuɗi mai kauri, zaure ya ɗauki tafi. Wata huɗu ina sintiri a ofishinsa, kullum "Alhaji ya yi tafiya." Abin da ya shigo hannu a ranar, bayan an biya zaure da lemo da mai ɗaukar hoto, bai kai kuɗin bango ba. Alƙawarin taro kada ka ci bashi a kansa.

Wa zai buga mini littafina?

Amsar da ba a son ji: mai yiwuwa kai ne. Kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, da sauran manyan kamfanonin ɗab'i sun fi karkata ga littattafan makaranta, don su ne suke da tabbacin ciniki. Wannan giɓin ne ya haifar da abin da manazarta suka kira Adabin Kasuwar Kano tun daga shekarun 1980, inda marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka riƙa buga nasu da kansu suna kai wa 'yan kasuwa.

Hanyar har yau ita ce: a buga a kwamfuta, a ba wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa ya tace (kada ka tace wa kanka, ko da kai ne malamin Hausar), a zana bango, a nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda doka ta ce a ajiye masa kwafi 3 bayan bugu. A Kano akwai kuma Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da aka kafa a 2001, wadda hurumin aikinta ya haɗa da littattafai. Sannan sai maɗaba'a, inda kuɗin takarda yake yanke hukuncin kwafi nawa za ka iya.

Wahalar gaske tana bayan bugu. Mai kanti a kasuwar Sabon Gari zai karɓa, amma "sai an sayar." Ka koma bayan wata biyu, ya jawo littattafanka daga ƙarƙashin benci ya kaɗe ƙura ya ce kasuwa ta yi sanyi. Rubuta adadin da ka bayar a takarda, ku sa hannu ku biyu, ko da abokinka ne.

Intanet da gasa ba su sauƙaƙa abin ba?

Sun sauƙaƙa isa ga mai karatu. Marubuta da yawa yanzu a WhatsApp da Wattpad suke sakin labari shafi-shafi, mai so ya tura kuɗi a sa shi a rukuni. Matsalar ita ce mutum ɗaya ya biya, ya tura wa ɗari. Manhajar sayar da littattafai ma ba ta da tabbas: OkadaBooks ta rufe a 2023. Ka riƙe kwafin aikinka a hannunka.

Gasa kuwa, Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta fito da mata marubuta da dama. Babbar kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG ta dala 100,000 ta rubutun Ingilishi ce, mai rubutu da Hausa ba ya ciki.

Zan iya sayar wa ɗalibaina littafina?

Tilas dai a'a. Yaron da makinsa yake hannunka ba shi da bakin cewa ba ya so. Ka ajiye kwafi biyu a laburaren makaranta, wanda ya karanta ya ji daɗi zai tambayi inda ake sayarwa.

Yaushe ya kamata in ajiye koyarwa in rungumi rubutu kaɗai?

Ranar da kuɗin rubutu ya biya hayar gida da kuɗin makarantar yara shekara biyu a jere, ba tare da ka taɓa albashi ba. Ni ban kai nan ba. Gobe Litinin ina da aji biyu kafin tara, kuma babi na bakwai yana jira na da asuba.