Ma'anar "an jingina shi ga wane" a cinikin tsofaffin zane-zanen Faransa

A kundin gidajen gwanjo na Faris, ana yawan ganin kalmomin "attribué à" kafin sunan mai zane, wato "an jingina shi ga wane", kuma mai saye da bai san nauyinsu ba yakan ɗauka an tabbatar masa da mai aikin ne, alhali kuwa zato ne mai ƙarfi kawai. A Faransa doka ce ta fayyace ma'anar: dokar da ake kira Marcus, ta ranar 3 ga Maris 1981, ta ce mai sayarwa ya lamunce cewa an yi aikin a zamanin da mai zanen yake aiki, kuma akwai ƙwararan alamu da ke nuna shi ne. Idan aka rubuta "entourage de" (na wani makusancinsa) ko "manière de" (a salonsa), to an yi nisa da mai zanen ke nan, farashi ma ya faɗi.

Inda "attribué à" ta fi yin aiki shi ne ƙananan zanen daji, kogi da gajimare da ake yi da fentin mai a fili cikin awa ɗaya ko biyu, galibi a kan takarda. Camille Corot, mai zane Bafaranshe wanda ya rayu daga 1796 zuwa 1875, ya yi irinsu da yawa a Italiya tsakanin 1825 da 1828, amma masu zanen wancan lokaci ba don sayarwa suke yin su ba, ajiye su suke yi a ɗakin aiki don tuni, shi ya sa ba kasafai suke sa hannu ba. Ga shi kuma matasa daga ƙasashe daban-daban sun zauna gaban duwatsu da kangaye iri ɗaya a kewayen Rum, har hannun wani yana kama da na wani.

Saboda haka gwani yakan fara juya zanen ya duba bayansa, ko akwai tambarin mai sayar da ƙyalle, tsohuwar takardar shaida, ko hatimin gwanjon kayan Corot da aka yi bayan rasuwarsa a 1875. Daga nan sai ya nemi aikin a kundin Alfred Robaut na 1905 da ya jera ayyukan Corot, sannan ya gwada tafiyar burushi da ta ayyukan da babu shakka a kansu. A ganina, sa hannun ma ba abin dogaro ba ne a nan, domin Corot da kansa ya sa sunansa a wasu ayyukan almajiransa, kuma a 1883 an gano wani zane mai ɗauke da sunansa ashe na wani mai zane ne mai suna Trouillebert.

Binciken sinadarin fenti yana iya rushe jinginawar, ko da yake ba ya iya tabbatar da ita. Idan aka samu farin fentin titaniyom, wanda bai shiga kasuwa ba sai wajen 1920, a ainihin jikin zanen, ba a wurin da aka yi gyara daga baya ba, dole a cire sunan Corot.