Makantar zuci a littattafan hikima: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Kusan kowace Laraba bayan nazarin Littafi Mai Tsarki sai an tare ni a bakin ƙofa da tambayoyin nan. Ga su a rubuce, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Waɗanne ne littattafan hikima?

Ayuba, Karin Magana, Mai Hadishi, da wasu zabura kamar ta 37 da ta 73.

Makantar nan ta shafi makafin ido?

Ko kaɗan, kuma ku daina faɗin haka a gabansu. Ayuba da kansa ya ce ya zama ido ga makafi (29:15). Maganar zuciya ake yi. Karin Magana 4:19 ta kwatanta hanyar mugaye da duhu, har ba su san abin da ke sa su tuntuɓe ba.

Malam, wata 'yar'uwa ta ce an nuna mata ciwon ɗana hukuncin zunubina ne. In yarda?

Mama, kwantar da hankalinki tukuna. Ba zan ce zunubi ba ya jawo wahala ba, Karin Magana cike take da wannan gargaɗi, kuma in zuciyarki ta san wani laifi, ki tuba, ba sai an nuna wa wani ba. Amma duba Elifaz, Bildad da Zofar, abokan Ayuba da suka zo wurinsa a cikin wahalarsa. Kwana 7 suka zauna a ƙasa tare da Ayuba, ba wanda ya ce uffan, kuma a nan suka kyauta. Da suka buɗe baki sai suka dage lallai ya yi laifi. Maganarsu ta yi kama da ta masu tsoron Allah, duk da haka a Ayuba 42:7 Ubangiji ya husata da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kan shi Ubangiji ba. Mai yiwuwa 'yar'uwar da kyakkyawar niyya ta zo, ban ga zuciyarta ba. Ki tambaye ta wane zunubi take nufi. In ta kasa faɗa, ko ta fara zancen kuɗin addu'a, ki je wurin dattawan ikilisiya, kada ki ɗauki nauyin ke kaɗai. Yaron kuma a kai shi asibiti yau.

Ni da ba na fashin sujada, zan iya makancewa?

Ƙwarai kuwa. Asaf mawaƙin sujada ne, amma ya yi ƙyashin masu girmankai da ya ga suna ta arziki, har ya ce ya zama kamar dabba a gaban Allah. Sai da ya shiga wuri mai tsarki ya gane ƙarshensu (Zabura 73:17).

Akwai addu'ar da zan riƙa yi?

Zabura 119:18, roƙon Allah ya buɗe idanu. Na faɗa muku ya fi sau goma, ku haddace ta.