Sassaben zamani a jihar Damagaram

Sassaben zamani hanya ce ta gyaran gona wadda manomi ke barin itatuwan da suka tsiro da kansu ya rene su, maimakon ya share su kafin damina. A jihar Damagaram ya fi ƙarfi a kudu, wato Magarya, Matamaye da Mirya, inda jama'a suka yi yawa kuma gonaki suka matse. Yana cikin manyan abubuwan da suka rage gurgusowar hamada a Jamhuriyar Nijar.

Tarihi

Barin itace a gona tsohuwar al'ada ce a ƙasar Damagaram. Ana ba da labarin cewa a ƙarni na 19, galibi ana cewa zamanin Sarki Tanimun, fada ta hana saran gawo, har aka sanya hukunci mai tsanani ga wanda ya sare shi. Ruwayoyi sun sha bamban kan irin hukuncin, amma sun haɗu a kan cewa gawo itace ne da sarauta ta kare.

Zuwan Faransawa ya sauya lamarin. Dokokin gandun daji na mulkin mallaka, da dokar 1974 da ta biyo bayansu, sun sa itatuwa masu daraja a ƙarƙashin ikon hukuma. Manomi na iya shan tara don ya sare reshe a gonar da ya gada daga ubansa, saboda haka da yawa suka gwammace su tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, kafin ya zama abin da zai kawo musu jami'in gandun daji. Noman gyaɗa ya ƙara faɗaɗa gonaki, malaman gona kuma suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal.

Sai fari ya zo, na farkon shekarun 1970, sannan na 1984, wanda yunwarsa ake kira El Buhari. Dabbobi suka mutu, maza suka tafi ci-rani Najeriya, waɗanda suka rage suka sayar da itacen wuta don su sami hatsi. Iska takan binne shukar gero da rairayi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya.

Daga wajen tsakiyar shekarun 1980 ne al'amarin ya fara juyawa. A jihar Maradi, Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya lura a wajen 1983 cewa kututturan da ake gani kamar ciyayi suna da saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa, ya shiga yaɗa dabarar renonsu. A Damagaram kuwa babu wani babban shiri da za a jingina wa aikin. Manoma ne suka koma ga abin da kakanninsu suka sani, maƙwabci yana gani a gonar maƙwabci, a daidai lokacin da hannun hukuma ya yi sanyi a karkara. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka fitar a 2006 ya ƙiyasta kimanin hekta miliyan 1 a Magarya, Matamaye da Mirya. A ƙasar baki ɗaya ana ambaton hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena.

Yadda ake yi

Lokacin sharar gona manomi zai tsaya kan kututture, ya zaɓi tsiro biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya yanke sauran. Sai ya sassabe ƙananan rassa daga ƙasa da wuƙa ko lauje mai kaifi, yana yanka zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wasu kan ɗaura ƙyalle a jiki, alamar cewa itacen yana da mai shi. Abin da aka yanke ya zama makamashi, kuma wannan ya rage wa mata doguwar tafiyar neman itace.

Gawo shi ne kan gaba, kuma ya cancanta. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Da rani ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Ana barin kalgo, sabara, aduwa da magarya, a wajen Mirya kuma kuka, saboda kasuwar ganyenta.

Arewa da gabas

A Tanut ruwan sama bai kai na kudu ba, tsiron ma a hankali yake. A Gure matsalar tudun rairayi ce mai cinye kwarurukan dabino da kanwa, kuma ana tare shi da shingen kara da rassa kafin a yi dashe.

Kuɗin sauyin yanayi

Damagaram tana kan layin Babbar Ganuwar Itatuwa, shirin farfaɗo da itatuwa da ƙasa a faɗin yankin Sahel, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007. A taron Paris na Janairun 2021 an yi wa shirin alkawarin sama da dala biliyan 14, amma fitar kuɗin ya yi jinkiri. Abin da ke isowa ƙauye yawanci aikin ƙwadago ne: a haƙa ramukan rabin wata a fako, a biya da kuɗi ko hatsi. An kuma gwada sayar da kabon, wato karɓar kuɗi saboda iskar kabon da itatuwa ke zuƙewa daga sararin sama, daga gandun dakwara da tallafin Bankin Duniya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 wasu masu ba da tallafi sun dakatar da nasu.

Saɓani

Masana ba su daidaita ba kan rabon da dawowar ruwan sama ke da shi a wannan farfaɗowa. Akwai kuma ƙorafi tsakanin manoma da makiyaya kan saran rassan gawo da rani, da satar itace a gonakin da ke nesa da gari.