Dokar bindiga ta 2022 a Amurka: abin da ta bai wa iyayen Uvalde da abin da ta bar su da shi

Ranar 24 ga Mayu 2022, wani matashi ɗan shekara 18 ya kutsa makarantar firamare ta Robb a garin Uvalde da ke jihar Texas, ya kashe yara 19 da malamai biyu. Bindigar da ya riƙe, samfurin AR-15, ba sato ta ya yi ba. Yana cika shekara 18 ya je kanti ya saya, doka kuma ta yarje masa. Ni uba ne, na san yadda mutum ke sallamar ɗansa da safe yana jiran ya dawo da labarin aji. Iyayen nan sun taru a bakin makaranta suna roƙon 'yan sanda su shiga, aka shafe minti 77 kafin a fasa ɗakin.

Wata ɗaya bayan haka, ranar 25 ga Yuni, Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ake kira Bipartisan Safer Communities Act. Sanata Chris Murphy na Connecticut, jihar da aka kashe yara 20 a makarantar Sandy Hook a 2012, shi da Sanata John Cornyn na Texas ne suka ja ragamarta. Ta wuce a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 65 da 33.

Jigon dokar yana kan masu shekara 18 zuwa 20. A da, idan matashi ya je sayen bindiga, hukumar FBI takan duba sunansa cikin 'yan mintoci, kuma laifukan da ya aikata yana yaro ba sa cika bayyana. Yanzu sai an tuntuɓi hukumomin jiharsa da 'yan sandan garinsu, an nemi bayanan kotun yara da na lafiyar ƙwaƙwalwa. Ana da kwana uku na aiki, idan an ga alamar matsala a ƙara zuwa goma. Amfanin wannan jinkiri a fili yake: wanda zuciya ta ɗebe shi ba zai fito kanti da makami a ranar ba.

An kuma ware dala miliyan 750 ga jihohi, har da masu dokar da ke bai wa alƙali ikon karɓe bindigar mutum na ɗan lokaci idan an nuna yana shirin cutar da kansa ko wasu. Sai dai kuɗi ne kawai na ƙarfafa gwiwa, ba a tilasta wa kowace jiha ba, Texas ma ba ta da irin wannan doka. Saurayin da kotu ta samu da laifin dukan budurwarsa an hana shi riƙe bindiga, kuma saya wa wanda doka ta haramta wa ya zama babban laifi na tarayya.

To amma abin da iyayen Uvalde suka fi nema, wato a mai da shekarun sayen irin wannan bindiga 21, babu shi a ciki. A nan ne raina ya fi ɓaci. Dokar tarayya ta hana ɗan shekara 18 sayen ƙaramar bindiga a kanti mai lasisi, amma ta bar masa doguwa. Masu adawa suna kafa hujja da gyara na biyu na kundin tsarin mulki, na 1791, wanda ya kare 'yancin mallakar makami. Duk da haka jihar Florida ta ɗaga shekarun zuwa 21 bayan kisan mutum 17 a Parkland a 2018.

A 2023 iyayen suka yi ta zarya zuwa majalisar jihar Texas a Austin, riƙe da hotunan 'ya'yansu. Ƙudurin ɗaga shekarun ya tsallake kwamiti a watan Mayu, wa'adin zaman ya ƙare ba a kawo shi zauren majalisa an kaɗa masa ƙuri'a ba.