Ɗinka takunkumi da hula a gida lokacin annoba: tambayoyi da amsoshi

A watan Afrilun 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Jihar Sakkwato, bayan ɓullar cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Takunkumin asibiti ya yi tsada, ya yi wuyar samu, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya (NCDC) kuma ta nemi a bar wa ma'aikatan lafiya shi, jama'a su koma na yadi. Nan da nan teloli da mata masu keke a gida suka duƙufa. Wasu sun ɗinka abin kirki, wasu kuwa ado kawai suka yi da ragowar atamfa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci a kan korona a watan Mayun 2023, amma cututtukan da ke bin numfashi ba su ƙare ba.

Takunkumin yadi yana kāre mutum da gaske?

Yana yi, amma a san iyakarsa. Babban aikinsa shi ne tare feshin yawu da majina da ke fita daga bakin mai shi idan ya yi tari, ko atishawa, ko magana da ƙarfi. Wato ya fi kāre na kusa da kai fiye da kai kanka. Da korona wannan ya yi muhimmanci, domin mutum yakan ɗauki cutar ya yaɗa ta tun bai ji komai a jikinsa ba. Bai kai takunkumin asibiti ba, balle nau'in takunkumin da ake kira N95, wanda ke tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin da ke cikin iska idan ya zauna daidai a fuska.

Wane yadi ya dace?

A nan aka fi yin kuskure. A watan Yunin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi shi hawa uku. Na ciki, mai taɓa fuska, ya zama auduga mai tsotse danshi, kuma fari ya fi, don a ga datti da wuri. Na waje ya zama yadi mai roba wanda ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Na tsakiya shi ne mataci: yadin da ba saƙa shi aka yi ba, irin na jakunkunan nan marasa nauyi da ake rabawa a wajen biki. Idan jakar tana da leda a manne a bayanta, a bar ta, iska ba za ta wuce ba.

Leshi da duk yadi mai huda-huda ba su da wuri a nan, komai tsadarsu. Haka yadi mai miƙewa, irin na singileti: da an ja shi, ramukansa sun buɗe. Sabuwar atamfa da shadda suna zuwa da sitati da rini, don haka a wanke su kafin a yanka, in ba haka ba su motse bayan wankin farko, warinsu kuma ya dami mai sawa. Kafin ki sayi yadi a Babbar Kasuwa, ɗaga shi ki kalli rana ta cikinsa. In haske na ratsowa sosai, saƙarsa ta yi sako-sako. Sannan ki ninka shi uku ki kara a baki ki ja numfashi. Wanda ya toshe numfashi ma bai yi ba, domin iskar za ta nemi hanya ta gefe, ko mai shi ya gaji ya sauke shi ƙarƙashin haɓa.

Yaya ake yanka shi?

Ga babba, faɗin inci 9 da tsawon inci 7 yakan isa. A haɗa hawa ukun, a yi tattara uku masu kallon ƙasa, a ɗinke gefe biyu. A saman, a bar ɗan aljihu a zura waya mai lanƙwasuwa don ta kama karan hanci. Masu tabarau su suka fi sanin amfaninta. Dole ya rufe daga karan hanci zuwa ƙarƙashin haɓa, kumatu kuma kada su bar ƙofa. A ganina wannan ya fi komai: takunkumi mai hawa biyu da ya zauna cif ya fi mai hawa uku da ke reto. Kada kuma a bi tsakiyarsa da ɗinkin ado, kowane sukan allura rami ne.

Mai hijabi fa? Niƙabi ko amawalin rawani ba su wadatar ba?

Robar kunne tana wahalar da mai hijabi, sai ta cusa hannu ciki duk lokacin da za ta sa ko ta cire. A yi mata igiyoyin yadi da za ta ɗaure a ƙeya ta saman hijabin. Niƙabi kuwa yawanci shara-shara ne, ƙasansa kuma a sake yake, iska na fita yadda ta ga dama. Ya fi babu, amma a sa takunkumi a ƙarƙashinsa. Amawali ma haka, ga shi ba kullum ake wanke rawani ba.

Da zafin Sakkwato, wa zai jure hawa uku?

Tambaya ce ta gaskiya. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura maki 40, azumin 2020 kuma a tsakiyarsa ya faɗo. Takunkumin da ya jiƙe da gumi ya rage aiki, numfashi kuma ya yi wuya. Mafita ita ce a ɗinka wa kowa biyu ko uku, a riƙa canzawa, a jefa wanda ya jiƙe cikin leda har a koma gida. Mai tafiya shi kaɗai a fili, ko manomi a gonarsa, ba ya buƙatarsa. Wurin sa shi shi ne cunkoso: motar haya, kasuwa, sahun masallaci, layin asibiti.

Ita hular mene ne amfaninta?

Cutar ba ta shiga jiki ta gashi, don haka mai zuwa kasuwa ba ya buƙatar hular kariya. Ta ma'aikatan lafiya ce da masu jinya: tana tattare gashi, tana hana kai hannu ana gyara shi, a kuma cire ta a wanke bayan aiki. Ɗinkinta ba wuya, zagayayyen yadin auduga a sama, ɗauri a kewaye, igiya a baya. Dabara mai kyau ita ce a ɗinka maɓalli ɗaya a kowane gefe, daidai saman kunne, a riƙa maƙala robar takunkumi a nan. Wanda ya wuni da roba a bayan kunne ya san raɗaɗin da ake magana.

Wanki fa?

Kullum, da sabulu da ruwan zafi. In da ruwan sanyi aka wanke, a tafasa shi minti ɗaya. A shanya a rana, a goge, amma kada dutsen guga mai zafi sosai ya hau hawan tsakiya, narkewa yake. Tafasawa tana kashe roba da wuri, wani dalilin ke nan na fifita igiyar yadi. Wajen cirewa a kama igiyar, ba gaban ba, sannan a wanke hannu. Ba a aron takunkumi, ko tsakanin miji da mata.

A ɗinka wa yara?

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce kada a tilasta wa 'yan shekara 5 zuwa ƙasa. Jariri kuwa sam, zai iya shaƙewa. Manyan yara a auna fuskarsu, kada a ba su na manya.

Zan iya ɗinkawa in kai asibiti sadaka?

Ki fara tambayar asibitin abin da suke karɓa. Na yadi zai amfani masu jinya da masu zuwa dubiya, hula kuma takan samu karɓuwa, amma likita ko nas da ke kan mai cutar na asibiti suke buƙata. Ki wanke hannu kafin ki hau keke, ki wanke kayan bayan ɗinki, ki sa kowane a ledarsa. In a gidan akwai mai tari ko zazzaɓi, a dakatar da ɗinkin har ya warke.