Farin gishirin da ke fitowa a gonakin rani: ba laifin takin zamani ba ne kawai

An daɗe ana cewa farin ɓawon da ke bayyana a saman ƙasar fadama takin zamani ne ya jawo shi. Yawan taki yana iya ƙara gishiri, amma babban dalilin shi ne ƙarancin ruwan sama. Inda damina take da ƙarfi, ruwa yana wanke gishirin ƙasa zuwa can ƙarƙashi. Inda kuwa rana ke busar da ruwa fiye da yadda ake samunsa, ruwan ƙarƙashi yana hawowa ya ƙafe, ya bar gishiri da kanwa a sama. Ta haka ne kanwar yankin Tafkin Chadi take samuwa, a wuraren da ba a taɓa zuba taki ba.

Manomi yana iya gwadawa da kansa: ya matsa lemun tsami a kan busasshiyar ƙasa, idan ta yi kumfa, tana da alkali, wato sinadari irin na kanwa wanda yake kishiyar tsami. Awon pH, wato ma'aunin tsami ko alkalin ƙasa, idan ya wuce 7 yana tabbatar da haka. Sabon ganye mai rawaya wanda jijiyoyinsa suka kasance kore shi ma alama ce.

Irin wannan ƙasa tana buƙatar magudanar ruwa da takin gargajiya, ba toka ba, domin toka tana ƙara mata alkali. Don Allah a isar da wannan bayani ga masu noman rani.